Goron da Ya Gurfanar da Ni a Manchester

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Malam Habu yana son ya ji ko da gaske ƙanƙara tana zubowa daga sama, Garba tela kuma abin da ya dame shi ko na shiga filin ƙwallo. Ƙanƙara ban gan ta ba, yayyafi ne kawai wanda ba ya gajiya. Filin ƙwallo kuwa na wuce ta gabansa a mota. To ga labarin nan na rubuta gaba ɗaya, wanda idonsa ke gani da kyau ya karanta wa Garba.

Kun san ƙanena Nasiru, injiniyan nan da ya yi shekara ashirin da wani abu a Birmingham. Babbar 'yarsa Hafsa a can aka haife ta, a lokacin tana shekarar ƙarshe a wata jami'a a Manchester. Shi ya kira ni a waya, murya a dagule.

"Yaya, kwamfuta na tura yarinyar nan ta karanta. Ta haɗa da tattalin arziki, na yi shiru. Yanzu kuma ba ta da zance sai Chicano."

Na ce, "Ɗan gidan wa?"

Ya ce ba mutum ba ne. 'Yan asalin Meziko ne da aka haifa a Amurka suke kiran kansu haka, kuma akwai wata malama 'yar cikinsu da ke koyar da tarihinsu da zamansu. Hafsa ta ɗauki darasin don cike gurbi, sai ya tafi da ita. Har sun yi alkawari da uban: in binciken da za ta rubuta na kammalawa ya samu maki na sama, zai bar ta ta ci gaba da digiri na biyu a wannan layin. In bai samu ba, ta tattara ta dawo Birmingham, akwai kamfanin da ya riga ya nema mata kujera. Ni aikina in je in yi mata magana ta haƙura tun kafin a kai nan, tunda tana jin maganata.

Na je Kumasi, na je Kwatano, na je Jidda da Dubai, na je Sin har sau huɗu sarin kayan keken ɗinki, kuma ban taɓa fita ba goro ba. Sai na sayi ƙwarya guda, goro ɗari, fari da ja, aka naɗe min a ganye aka yayyafa ruwa.

A filin jirgi wata jami'ar kwastan ta buɗe jakata ta tsaya tana kallon ƙunshin. Na tattaro Turancina na kasuwa na yi mata bayani, har na ɓare ɗaya na ci a gabanta don ta ga ba na mutuwa. Ta kira wani, shi ma ya kira wani, suka duba littafi. Ƙarshe aka ce goro ya wuce, amma ganye ba ya shiga ƙasarsu sai da takarda. Ni na samu biza, goro ya samu, ganye aka hana. Haka na isa gidan Nasiru da goro tsirara a leda. Matarsa ta jiƙa tawul ta lulluɓe shi, ta ba shi masauki a ƙasan firji kusa da karas.

Kwana uku na yi a Birmingham. Lokacin gwamnatinsu ta tsuke bakin aljihu, duk inda ka zauna maganar ke nan. Mun je Juma'a a Sparkbrook, unguwa ce da in ka rufe ido ka ji ƙamshin kayan miya sai ka ce Sabon Gari kake. Nasiru yana tuƙi yana nuna min: nan ɗakin karatu ne council, wato ƙaramar hukumarsu, ta rage masa kwanaki, nan wajen wasan matasa ne an rufe. A ƙofar masallaci na ga an jera gwangwanayen wake da taliya, na ɗauka na sayarwa ne har na fara taya ɗaya. Ashe sadaka ake tarawa, kuma masu zuwa karɓa har da Turawa. Kuɗin jami'a ma an ninka shi uku. Sai na daina ganin laifin Nasiru sosai. Tsoro ne yake ji, yana son 'yarsa ta riƙe abin da ba a korar mai shi daga aiki.

Wani abu kuma, a can ba a zuwa gidan mutum sai an yi waya. Maƙwabcin Nasiru shekara tara suna katanga ɗaya, bai san sunan 'ya'yansa ba. Na yi masa sallama ta kan shinge da safe, ya ce min ana sa ran ruwa, ya shige.

Na hau doguwar mota zuwa Manchester. Da na shiga na gaishe da jama'a gaba ɗaya kamar yadda aka saba, babu wanda ya ɗago kai. Na miƙa wa na kusa da ni dabino, ya riƙe shi a hannu har muka isa, ina jin yana jira ne ya ga abin da zan nema.

Masaukina a Old Trafford yake, gidan wata tsohuwa mai ba da hayar ɗaki. Mutuniyar kirki, amma famfonta biyu ne a wajen wanke hannu, ɗaya tafasasshe ɗaya kamar daga firji, ba sa haɗuwa. Alwalata ta farko hannun dama ya dahu, na hagu ya sandare. Buta kuwa babu, robar madara na wanke ta zama butata har na taho.

Hafsa ta zo da safe. "Baffa, sannu da zuwa, are you alright?"

Na ce, "Ke ma kin fara? Tun da na sauka kowa tambayata yake ko lafiyata ƙalau. Na yi kama da marar lafiya ne?"

Ta yi dariya, amma idanunta sun faɗa. Na ajiye huɗubar da aka aiko ni da ita, na ce ta fara gaya min me take bincike a kai.

Ta ce malamarta, Dakta Rosa, ta koya musu yadda mutanenta suke yi a Amurka: baƙo ya zo ba shi da kowa, wani ya ba shi shimfiɗa, wani ya kai shi wajen aiki, wani ya tsaya masa, in ya miƙe shi ma ya sauki wani. Hukuma ba ta ganin wannan a lissafinta, amma shi ke riƙe da unguwa. Hafsa ta ce tana ji sai ta tuna Hausawan Gana da take gani a masallaci. Tana son ta nuna yadda suke saukar juna a Manchester da Birmingham, musamman yanzu da council ta janye hannu. Har ta rubuta manhaja a kwamfuta wadda za ta zana wa ya sauki wa.

Na ce, "Wannan ai zango ne. Abin da kakanki ya rayu a kai ke nan. Sai da wata ta zo daga Meziko ta gaya miki?"

"Daga Texas, Baffa."

"To ina matsalar?"

Ta buɗe kwamfutar. Fari fat. Saura mako uku ta miƙa aiki, kuma dattijo ko ɗaya bai yarda ya yi mata magana ba.

Na ce mu je in gani. Muka hau taragon nan nasu mai tafiya a tsakiyar titi, muka ƙarasa da bas zuwa Cheetham Hill, unguwar manyan rumbunan sari. A nan wani dattijo ɗan Kumasi, Alhaji Issaka, yake da rumbun jakunkuna da akwatuna. Kowa ya ce mata shi ne ƙofa. Na ce ta yi yadda ta saba, ni ina baya.

Jama'a, ko zama ba ta yi ba. Ta ce salamu alaikum, kafin ya gama amsawa ta zaro takarda mai shafi huɗu da biro, ta ce ya sa hannu a nan da nan ya yarda a ɗauki muryarsa. A shekarun da kowace takarda ta shigo gida ko an yanke maka tallafi ne ko ana tambayar wa ke kwana a gidanka. Dattijo ya kalli takardar kamar an miƙo masa maciji.

Na matsa gaba na tsuguna na ba shi hannu. Muka gaisa: gida, iyali, kasuwa, sanyi, gajiya, mutanen Kumasi, mutanen Kano. Na sake komawa kan iyali. Hafsa tana ta duba agogo. Sannan na ciro goro biyar, farare uku jajaye biyu, na ajiye a gefen teburinsa.

Ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya ɓare, ya saurari ƙarar. "Wannan bai kwana a kanti ba."

Na ce, "Daga Kano. An ƙwace masa riga a filin jirgi."

Ya yi dariya har da tari. Ya nuna Hafsa da haɓa, da Hausarsu ta can wadda mace da namiji duk ɗaya ne. "Yarinyanka ne? Sau uku ya zo da takarda. Na ce ko council ne ya aiko shi."

"'Yar ƙanena ce. Karatu ya yi mata yawa, gaisuwa ta yi kaɗan. Jikar Mamman Dogo ce mai goro, wanda yake sauka a zangonku."

Sai ya daina tauna. Ya ce Mamman Dogo a gidan kawunsa yake sauka, shi yana yaro yake kai masa ruwan wanka.

Ranar ba a yi bincike ba. Aka aika gida aka kawo wake da shinkafa irin nasu mai ja, da baƙin yaji da dafaffen ƙwai, muka ci a kan kwali. A hanyar komawa na ce wa Hafsa ta tambayi malamarta ko mutum zai iya yarda da baki, a naɗa, ga shaidu, ba sai ya sa hannu ba. Malamar ta ce ƙa'ida ta yarda da haka. Washegari Alhaji Issaka ya yi magana awa biyu, ya kuma kira mutum shida a waya ya ce ga 'yarsa nan zuwa.

Kwana goma muka yi muna yawo. Ni gaisuwa da goro, ita tambaya da na'ura. Direban bas, mai gadi, mai shara a asibiti, tela a Old Trafford. Kowa ka tambaya wa ya sauke shi, ba ya mantawa, har kalar bargon zai gaya maka. Kullum ta dawo ta zuba a kwamfuta, zane yana ta yaɗuwa kamar saƙar gizo, Alhaji Issaka a tsakiya zare na fita daga jikinsa ta ko'ina.

Ba kowa ne ya yarda ba. Mun koma Birmingham a jirgin ƙasa musamman don wata Hajiya Adiza a Sparkbrook, wadda aka ce matan da suka fara kwana a falonta sun fi talatin. Na yi gaisuwar da ban taɓa yin irinta ba. Na zaɓo mata manyan farare guda bakwai. Ta karɓa, ta ƙulle a bakin mayafi, ta ba mu kunu, ta sa wa Hafsa albarka har da shafa kai. Sannan ta ce, "Wanda ya kwana a ɗakina sirrinsa ya kwana a nan. Ba zan yi magana ba." Na lallaba, na kawo sunan Alhaji Issaka, ta ce ta gaishe shi. Na fito ina jin haushin gorona bakwai har tasha.

Saura kwana huɗu a miƙa aiki, Hafsa ta shigo masaukina fuska ba jini. Yarinyar ta rubuta komai tsakani da Allah, har da cewa baffanta yana ba kowane dattijo goro kafin a fara. Wani malami da ke duba aikin ya gani ya kai gaba. Ashe dokar jami'a ta hana ba wanda za ka yi wa tambaya wani abu ba tare da izini ba, don kada ya zama ka sayi bakinsa. In kwamiti ya ce saye ne, duk hirarrakin nan za a zubar, ita kuma ta miƙa farar takarda.

Ni da aka aiko in hana ta da baki, ga shi na kusa hana ta da goro. Ban ji daɗin kaina ba ko kaɗan. Na ce ta roƙa a bar ni in shiga.

Na sa babbar rigata mai aska takwas a kan suwaita biyu. Ɗakin ƙarami ne, mutum uku a bayan tebur: wani dogon Bature mai gilashi shi ne shugaba, wata mata mai rubutu, sai Dakta Rosa, gajeruwa mai furfura, wadda ita ma an riga an gaya mata darasinta ba zai kai baɗi ba saboda tsimi. Hafsa ce tafinta inda Turancina ya ƙare.

Mai gilashi ya tambaye ni cikin ladabi, "Da ba ka ba su wannan abin ba, za su yi magana?"

Na ce, "A'a."

Na ji Hafsa ta taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur. Mai rubutu ta rubuta. Na gane na zuba mana ƙasa a ido da bakina.

Na ce, "Tsaya, ranka ya daɗe. Da ban yi sallama ba ma ba za su yi magana ba. Da ban tambayi iyalinsu ba, ba za su yi ba. Shi goro a cikin gaisuwar yake. Yana cewa na san kai babba ne, kuma ban zo in wulaƙanta ka ba. In maganar saye ce, mu aka saya, don ban shiga gidan da na fito da yunwa ba."

Ya ce ya fahimta, amma mutum zai iya jin nauyin ƙin yarda bayan ya karɓi kyauta. Abin da dokar take karewa ke nan. Kuma gaskiya ne. Na juya na kalli Hafsa.

Ita ce ta tuna. Ta juya kwamfutar ta fuskance su. A gefen saƙar gizon nan akwai ɗigo uku su kaɗai, ba zare ko ɗaya a jikinsu. Ta ce waɗannan sun karɓi goro, sun ƙi magana, kuma ta rubuta ƙin nasu da ranar da dalilin da suka bayar. Ta nuna na Hajiya Adiza, ba suna, lamba kawai. Ta ce wannan ita ta samu mafi yawa, guda bakwai, ta yi mana addu'a ta sallame mu.

Na ce, "Manya-manya kuwa. Har yanzu ina jin zafinsu."

Dakta Rosa ta yi dariya, sannan ta yi magana a hankali. Ta ce kakarta a Texas ba ta taɓa sa hannu a takardar baƙo ba, kuma wanda ya shigo mata hannu rabbana ba burodi mai zaƙi, ruwa kawai zai sha ya tafi. Wanda ya kawo ma, in ba ta ga dama ba, ya ci burodinsa da ita ya tafi. Ta ce abin da yarinyar nan ta rubuta shi ne darasin da take koyarwa shekara da shekaru.

Mai gilashi ya ce ko zai iya ganin abin. Daman akwai a aljihuna. Na ɓare ja na miƙa masa. Ya gutsura. Na ga fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, idonsa ya kawo ruwa a bayan gilashi, amma don ladabi ya haɗiye. Ya sha ruwa, ya ce wa mai rubutu wani abu. Hafsa ta rufe baki da hannu. Da muka fito na tambaye ta, ta ce cewa ya yi shi bai ga yadda za a sayi mutum da wannan ba.

Suka yarda da hirarrakin, da sharaɗin ta ƙara shafi biyu ta bayyana al'adar, kuma ta rubuta sunana a matsayin wanda ya taimaka. Don haka, Malam Habu, sunana yana cikin littafi a jami'ar Ingila. Kai da ka yi digiri ban ji an ce naka yana can ba.

Kafin in taso na koma Birmingham. Nasiru ya tambaye ni ko na yi mata maganar. Na ce na yi magana sosai, har gaban kwamiti. Bai yi dariya ba. Sai na ce wa Hafsa ta kunna masa wani wuri a hirar Alhaji Issaka, wanda shi dattijon da kansa ya ce a kai wa ɗan Mamman Dogo.

Kun san Nasiru bai san mahaifinmu ba, yana shekara uku ya rasu. Muryar dattijon ta fito yana ba da labarin ranar da wasiƙa ta iso zangon Kumasi cewa an yi wa Mamman Dogo ɗa a Kano. Ba zai iya isa gida kafin suna ba. Sai maigidan da ya sauke shi ya ce ba za a yi haka a gidansa ba. 'Yan zango suka haɗu aka sayi rago, aka yi suna a can ba jariri ba mai jego, Mamman Dogo yana ta raba goro yana cewa sunan yaron Nasiru.

Ni kaina ban taɓa jin wannan ba sai a rumbun jakunkuna a Cheetham Hill. Nasiru ya ce a sake kunnawa. Aka sake. Ya tashi ya ce zai duba ko ya kulle mota, ya daɗe bai dawo ba.

Masu tambayar tsaraba, ku yi haƙuri, jakar da na tafi da ita cike da goro, wayam na dawo da ita. Sakamako ya fito bayan na dawo da mako shida. Hafsa ta samu makin sama, har an ce ta gabatar da zanen nata a gaban malamai. Dakta Rosa ta samu wuri a wata jami'ar, ta ce ta biyo ta. Nasiru ne ya kira ni da kansa, ina tsakar kasuwa.

Na ce, "To, ya maganar kamfanin?"

Ya ce, "Yaya, bar wannan. Za ta ci gaba, kuma ta ce wannan karon har Landan da Glasgow za ta shiga. In za ka zo bikin kammalawa ka taho da ƙwarya biyu. Ka cire ganyen tun daga gida."